Ranar da Mama Scholastica Ta Danna Jan Maɓalli

Akwai wani kamfanin ruwan leda a Kakuri, Kaduna, ba sai na kama suna ba. Jama'a, idan injunan wurin suka tashi, ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Mai magana sai ya kai bakinsa kunnen ɗan'uwansa ya ɗaga murya.

Doka ɗaya kowa ya haddace. Akwai jan maɓalli a bango mai tsayar da injuna gaba ɗaya. Ba a taɓa shi sai inji ya kama hannun mutum, domin ledar da ke ciki ƙonewa take yi. Wanda ya danna haka kawai, shi ya kori kansa.

A nan Hadassah ta samu aikin jera ruwa a jaka. Daga Trikania take zuwa, mijinta ya rasu, aikin nan shi ne cinta da na ɗanta.

Sai ga Oga Nelson, mai kula da ma'aikata. Kunnen kowa yana zuwa, amma na Hadassah ya mayar gida. Daga nesa sai ka rantse aiki yake nuna mata. Alhali maganganun banza yake zuba mata, hannunsa kuma yana yawo a ƙugunta. Tir da hali!

Ta yi ta maza ta kai ƙara wurin mai kamfanin, Alhaji Aminu.

"Wa ya ji?" in ji Alhaji.

Wa kuwa zai ji a cikin wannan ƙara? Nelson ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, aiki nake koya mata." Magana ta mutu a nan, shi kuma ya ƙara samun ƙofa.

Tun daga ranar Hadassah ba ta ƙara cin abincin safe ba. Ko inuwar mutum ta gani a bayanta, sai ruwan ya suɓuce daga hannunta.

Mama Scholastica ce ke aiki a gefenta, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin. Ranar Alhamis da aka fita hutun rana, ta ja ta gefe.

"'Yata, me ya sake ce miki?"

"Mama, ya ce ranar Asabar in same shi a wani masauki a Nasarawa. In ban je ba, kada in zo Litinin." Hawaye ya zubo mata. "Ke ma ai kina gani."

"Ina gani, amma ban taɓa ji ba. Alhaji kuma ji yake nema."

Mama ta tuna Precious, da ta bar aiki bara ba ko sallama. Lokacin ma ta gani, ta kawar da kai, domin ita ma jikoki take ciyarwa, kuma wa zai ɗauki tsohuwa aiki a garin nan? Har aka tashi ranar zuciyarta ba ta kwanta ba.

Ranar Juma'a Alhaji ya leƙo kafin ya wuce masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa. Nelson bai gan shi ba, don bayansa ne ke kallon ƙofar, ya sunkuya a kunnen Hadassah yana ta ɗaga murya kamar kullum.

Mama ta dubi Alhaji, ta dubi bango. Ta ce, "Yesu, ka taimake ni," ta miƙa hannu ta danna.

Injuna suka yi tsit. Bakin Nelson kuwa bai tsaya ba.

"...ko ki zo ɗakin gobe, ko ki nemi wani aiki!"

Har direbobin da ke lodi a waje sun ji. Hannunsa kuma yana nan inda ya saba ajiye shi. Warin ƙonanniyar leda ya cika wurin.

Nelson ya juyo a fusace. "Wa ya danna? Wallahi yau sai..." Sai idonsa ya faɗa kan Alhaji, sauran maganar ta maƙale.

Alhaji ya shigo a hankali. "Hannun wa inji ya kama?"

"Ba na kowa ba, Alhaji," in ji Mama. "Ni na danna. Ka tambayi yarinyar nan wa ya ji. To, yanzu kowa ya ji. In kora ce, ga ni."

Sai wata daga can baya ta ce, "Ni ma ya yi mini." Wata ma ta ɗaga hannu.

Alhaji ya ce wa Nelson ya ajiye makullai ya fita, ya ce kuma duk wadda ke son kai ƙara gaba, shi zai tsaya mata shaida. Sannan ya juya ga Hadassah.

"Ki yafe mini. Kin zo da gaskiya na mayar da ke hannu wofi."

Daga ranar, ana ba da umarnin aiki kafin a tada injuna, kuma duk mai kuka ta kai wa Mama Scholastica. Dokar jan maɓalli ma ta ƙaru: hannun inji ko hannun mutum, duk wanda ya kama ki, danna.

Ranar Litinin Hadassah ta zo aiki. A bakin ƙofa ta sayi ƙosai, ta ba Mama rabi, ta cinye nata tas.

Darasi: Mai lalata da ma'aikata ba ƙarfinsa yake taƙama da shi ba, shirunmu ne. Idan an kawo maka kuka, ka bincika kafin ka ce wa ya ji. Idan kuma ka gani, kada ka kawar da kai. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wata na can tana jiran mai danna mata maɓalli.