Madarar da Filibus Ya Ɓoye

A wani gari akwai wani mutum mai suna Filibus. Ba shi da gona, ba shi da shago, amma yana da waya. Sana'arsa ita ce ya zaga kantuna ya sayi abin da ya hango zai yi wuya, ya ɗauki hotonsa, ya sa a shafin gwanjo na intanet. A can mutane suke tayawa, wannan ya ƙara a kan tayin wancan, in lokacin da aka yanka ya cika sai a sallama wa wanda ya fi. Da takalma ya fara, ya koma fitilu masu caji, asirinsa kuma a rufe.

Wata shekara, wata madarar jarirai ta yi wuya. Ita ce likitoci suke rubuta wa jaririn da cikinsa ba ya karɓar madarar da aka saba. Masu kanti suka ce gwangwani biyu kaɗai mutum ɗaya zai saya, domin ta ishi kowa. Filibus ya saya da safe, ya koma gida ya sauya riga da hula, ya dawo da yamma bayan an canja mai jiran kanti. Cikin mako guda ya tara gwangwani arba'in a ƙarƙashin gado, kantunan garin kuwa suka zama wayam.

Matarsa Dinatu ta ce, “Maigida, wannan fa ba takalmi ba ne. Abincin jarirai ne.”

Ya ce, “Sata na yi? Da kuɗina na saya. Shinkafar da kike dafawa, daga sama take faɗowa?”

Filibus yana da wata dabara. Sunaye biyu ya buɗe a shafin, babu nasa na gaskiya a ciki. Da ɗaya yake sayarwa. Da ɗayan kuma yakan shiga kamar mai saye, ya riƙa ƙara tayi, domin mai bukata ya tsorata ya ƙara.

Ran wata Talata ya sa gwangwani ɗaya. Wani ya taya, Filibus ya ƙara da sunansa na biyu. Mutumin ya ƙara, shi ma ya ƙara. Sai saƙo ya shigo: “Don Allah, mai kaya, ka sallama mini. 'Yata ta kwana biyu ba ta riƙe komai a cikinta ba.” Filibus ya ce a ransa, kowa haka yake faɗa. A daidai lokacin ƙanwarsa Afiniki ta kira shi daga wata unguwa. Rabonsa da ita tun ranar sunan jaririyarta, wata uku ke nan. Ya katse kiran, gama saura minti biyar gwanjon ya rufe.

Mai sayen ya ƙara ɗan kaɗan, Filibus ya bi shi da ƙari, sai mutumin ya sake ƙara abin da bai kai na farko ba. Filibus ya ga alamar zai iya matse shi sau ɗaya tak, ya ƙara. Mutumin bai sake motsi ba. Lokaci ya cika, shafin ya nuna Filibus ne ya saye kayan kansa. Ya yi tsaki, ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado.

Ran Jumma'a da safe aka aiko masa cewa jaririyar Afiniki ta rasu a asibiti.

Bayan an dawo daga makabarta, mijin Afiniki, Haggai, ya zauna kusa da shi a kan benci. Ya ce, “Yaya, tun da ta haihu nononta bai kawo ba. Likita ya rubuta mana madara, babu kantin da ban shiga ba. Na same ta a gwanjo, ina tayawa, Afiniki tana kiranka ko ka san inda za a samu. Wani ya yi ta bina da ƙari har abin da ke hannuna ya ƙare. Muka koma ba ta wadda cikinta ba ya so. Duba ka gani.”

Ya miƙa masa wayar. Filibus ya ga sunayensa biyu, na mai sayarwa a sama, na wanda ya saya a ƙasa.

Haggai ya ce, “Ban riƙe wanda ya saya a zuciya ba. Wataƙila nasa ɗan ya fi tawa jin jiki.”

Filibus ya mayar da wayar, ya ce, “Allah ya ba da haƙuri.”

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Madarar ita ce duk abin da Ubangiji ya bari ya biyo ta hannunka alhali ran wani yana rataye da shi: hatsi a lokacin yunwa, magani, ɗakin haya, ko sa hannu a takarda a ofis. Ciniki ba zunubi ba ne, riba ma haka. Zunubin Filibus ya fara ne ranar da ya mai da tsoron uwa abin nemansa. Sunayen nan biyu su ne fuska biyu da yawancinmu muke ɗauke da su, ta ranar Lahadi da ta sauran kwana shida. Waya tana ɓoye mana fuskar wanda muke matsa wa, har mu manta mutum ne. Allah kuwa yana ganin fuskarsa, yana ganin tamu.

Kada kuma mu ce laifin ya yi nauyi don ta zama 'yar ƙanwarsa. Da 'yar baƙo ce, kabarin ba zai fi wannan ƙanƙanta ba. Sai dai Filibus ba zai taɓa ji ba, ya ci gaba da cin abincinsa. Mu nawa ne a nan muke cin abincinmu domin ba mu ji ba?

Akwai gafara ga mai tuba, amma gafara ba ta buɗe kabari yau, tuba kuma tana farawa da faɗin gaskiya. Filibus bai faɗa ba tukuna. Kowace Lahadi yakan zauna a bencin baya. In aka zo addu'ar roƙo, Afiniki takan miƙe ta ce, “Ya Uba, ka gafarta wa mai madarar nan, ko wane ne shi.” Dukan ikilisiya ta amsa da amin, ban da mutum ɗaya.