Injin Kwalekwalen da Aka Fitar daga Akwatinsa

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, a shekarun da arzikin mai ya fara shigowa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da dangi. Manomi ne, ya taɓa zuwa cirani kudu, ya iya 'yar hausar tasha, saboda haka duk saƙon da zai yi nisa shi ake ba.

Ƙauyen nasu kogi ne ya raba shi da hanyar mota. Da rani ko idon sawu ruwan ba ya kaiwa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, mai haihuwa ko mai zazzaɓi sai ta jira Ɗan'azumi mai fito ya tura kwalekwalensa da gora, in ruwa ya yi ƙarfi a haƙura sai gobe.

Sai wani ɗan garin, Alhaji Maikuɗi, da ke aiki a Fatakwal, ya aiko cewa ya sayi injin jirgi sadaka ga mutanen garinsu, a turo amintacce ya ɗauko. Dattawa ba su yi doguwar shawara ba. Suka tura mutumin nan.

A Fatakwal, a gabansa makaniki ya shirya injin. Ya tsiyaye man da ke ciki, ya bar ruwa ya zube tas, ya kwance farfela ya naɗe ta daban. Kafinta ya haɗa akwati na katako mai kauri, ya gitta itace a ciki, aka maƙala injin a tsaye, kai sama, aka cusa tsummoki da ciyawa ta kowane gefe har ba ya motsi. Makanikin ya dafa wuyan ƙarfen da ake ɗaure injin da shi a gindin jirgi, ya ce, "Malam, ka ga nan? Nan ne ransa. Kada a kwantar da shi, kada a ɗora masa kaya, kada ka fitar da shi sai a bakin ruwanku."

Mutumin ya ce, "Haba, sai ka ce ƙwai za ni kai?"

Alhaji Maikuɗi ya ce, "Ɗan uwa, amana ce. Matan garinmu ne za su hau."

Jirgin ƙasa ya kawo shi Kano lafiya. A nan Shaiɗan ya same shi. Ya shiga kasuwa ya ga tangaran, da madubai, da rediyo, kayan da ba a taɓa gani a ƙauyensu ba. Ya saya. Da ya zo tasha sai tunani ya kama shi: hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram duk gargada ce, kayan nan ba za su kai ba. Ya dubi akwatin. Ya ce a ransa, ashe ƙarfe ake wa wannan gata? Shi ƙarfen da ya sani galma ce da gatari, a jefar a gona a dawo a same su yadda suke.

Ya ɓalle ƙusoshin. Ya fitar da injin ya naɗe a tabarma, ya shirya tangaran ɗinsa a cikin tsummokin. 'Yan lodi suka kwantar da injin a bayan babbar mota, suka jibga buhunan gishiri a kai. Yana tsaye yana kallo.

Ya 'yan uwa, wa ya gan shi? Babu ɗan garinsu ko ɗaya a tashar nan. Amma Wanda ba Ya barci fa?

A Birnin Kudu aka sauke kaya domin canjin mota. Ya ja injin bayan wata rumfa ya buɗe tabarmar. Kayansa ko ƙwarzane babu. Wuyan injin kuwa ya tsage, siririyar tsaga kamar zare, ta kai rabi. Ya daɗe a tsugune. A nan fa ƙofar tuba take a buɗe. Sai ya lakato kwalta daga gefen titi, ya cike tsagar, ya shafe da baƙin mai. Ya kwashe tangaran ɗinsa, ya mayar da injin akwatinsa, ya buga ƙusoshin a ramukansu na farko.

Ranar da ya iso, har guɗa aka yi. Ɗan'azumi ya zagaya akwatin ya ce, "Ba a taɓa shi ba ko?"

Ya ce, "Wallahi yadda aka rufe shi a Fatakwal haka ka gan shi."

Kwana tara injin yana fito lafiya. Mutumin nan kullum yana bakin kogi, wai kallo, alhali wuyan injin yake dubawa. Ana yi masa sannu, yana amsawa da ƙyar. Ya jera tangaran a ɗakin matarsa, amma shi bai iya cin abinci a ciki ba. Sau da dama ya buɗe baki zai kira Ɗan'azumi gefe, sai ya tuna rantsuwarsa a gaban jama'a, ya haɗiye.

A rana ta goma aka kwana ana ruwa, kogi ya kawo. Da hantsi Barira, matar maƙwabcinsa, ta zo da goyonta, zazzaɓi ya kama yarinyar, za ta kai ta asibitin Birnin Kudu. Ta wuce ta gabansa ta ce, "Baban Abu, Allah ya saka maka. Bara da sai dai in zauna in zuba mata ido."

Ɗan'azumi ya jingina gorarsa a jikin bishiya. Me zai yi da gora, ga inji? Mutumin ya ga gorar nan a tsaye. Bai ce a ɗauka ba.

A tsakiyar ruwa wuyan ya ɓalle. Injin ya nutse, kwalekwale ya juya ya bi ruwa, ya daki kututture ya kife. An tsamo manya duka. Yarinyar ba a same ta ba sai bayan kwana biyu.

Da rani ya yi, aka tono injin a cikin yashi. Ɗan'azumi ya kankare karayar da wuƙa. Rabi sabuwa ce, rabi kuwa cike da kwalta. Ya ɗauki guntun ya ajiye a ƙofar masallaci, kowa ya gani.

Ba a doke shi ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. An dai daina ba shi komai. Ba a aikensa, ba a ba shi ajiya, ko kwaryar iri ba a ce ya riƙe. In zai je kasuwar Sara, babu mai cewa ka gaida wane. Matarsa ta koma gidansu. Barira in ta hango shi sai ta sake hanya, ba zagi, ba kallo. Ya yi shekaru yana zama shi kaɗai a bakin kogi, yara suna wucewa iyayensu na jan hannunsu. Ranar da ya mutu, sai da liman ya bi gida gida kafin sahu ya cika.

Ya 'yan uwa, duk abin da aka ce ku kai, ku kai shi yadda aka ba ku. In an ce a tsaye, a tsaye. In an ce kada a buɗe, kada ku buɗe, ko ba ku gane dalili ba. In kuma ya lalace a hannunku, ku faɗa tun kafin wata ta hau da ɗanta a baya. Kunyar yini ɗaya ce. Mu da muke goyo ba ma duba wuyan inji, maganarku muke hawa.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mana 'ya'yanmu a ruwa da tudu. Amin.