Rawar Sitiyari da Mukullin da Aka Ƙwace

Akwai wata baiwar Allah da ta koyi tuƙi da girmanta, ba don sha'awa ba. Mahaifinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, likitoci suka ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi da safe idan ana so hannunsa ya dawo aiki.

Mijinta yana da mota, amma motar ma'aikata ke ɗaukarsa zuwa ofis, tasa tana wuni a tsakar gida a lulluɓe. Abokansa Jirgi suke ce masa, saboda idan ya taka totur sai dai ka ga bayansa. Shi ya koya mata tuƙin, rabi koyarwa rabi tsawa, ta haɗiye duka saboda Baba.

Ita kuwa a hankali take tafiya, domin ko ɗan rami ta faɗa sai tsohon ya yi nishi. A wannan tafiyar sannun ta fara jin sitiyari yana karkaɗawa a hannunta, ya yi hagu ya yi dama, motar tana tafiya kamar mai ɗingishi. Idan ta ɗan ƙara wuta sai rawar ta koma wani gurnani ƙasa-ƙasa.

Da Jirgi ya dawo aiki ta faɗa masa. Ya karɓi mukulli, ya fita da motar a guje, bai jima ba ya dawo ya jefa shi kan kujera.

"Lafiyarta ƙalau. Tsoro ne ke sa hannunki karkarwa."

"Ka gwada ta a hankali mana, Baban yara. A gudu ba a ji sosai."

"Ni za ki koya wa tuƙi? Jiya-jiyan nan ba ki san birki da totur ba."

Ni dai irin waɗannan mutanen suna ƙona min rai. Duk wanda ya ɗan san mota ya san sitiyari ba ya rawa a tafiyar sannu haka kawai. Ko taya ce ta kumbura, ko rim ya lanƙwashe, ko noti ya kwance, ko wani ƙarfen ƙafar ya cinye. Amma tunda daga bakin matarsa maganar ta fito, sai ta zama tsoro.

Washegari ta ɗaure zaninta, ta durƙusa a gefen tayar gaba, ta zura hannu ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Sai ga kumburi a jikin tayar, ya kusa dunƙulen hannu. Ta yi murna har ranta, tana ganin yanzu kam magana ta ƙare.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa masa ƙaninsa yana zaune a falo.

"Ka zo ka taɓa da hannunka," ta ce. "Tayar ce ta kumbura ta ciki."

Ƙanin ya tuntsire da dariya. "Yaya, ashe bakanike ka aura ba mu sani ba."

Fuskar Jirgi ta canza. Bai tashi ba, bai ko dubi wajen motar ba. Hannu kawai ya miƙa mata.

"Ba ni mukullina. Tunda motar tawa ba ta yi miki ba, ki huta."

"Baba fa? Gobe yana da gashi."

"Motocin haya sun ƙare ne a garin?"

Ya sani sarai direbobin haya ba sa tsayawa a cicciɓi mara lafiya. Ta gwada, ɗaya ya fizge su a kan ramuka har Baba ya yi kwanaki yana jinyar jijjigar. Daga nan tsohon ya ce a bari. Zuwa gashi ya tsaya, yatsun da suka fara buɗewa suka soma komawa su dunƙule.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya fita da kuka. Tana dafa masa abinci, tana goge masa kaya, amma duk sanda ta gifta ta gefen motar sai ta ji ƙirjinta yana tafasa. Ta sake yi masa maganar tayar, don 'ya'yanta ma suna shiga motar. Ya ce idan ta ƙara, ranta zai ɓaci, kamar da can cikin daɗi yake.

Ana nan sai aka yi wa Inna, mahaifiyar Jirgi, aikin ciki. Ranar sallama likita ya ja masa kunne: "A tafi da ita a hankali, ɗinkin ɗanye ne."

Matar ta zauna a baya ta rungumo surukarta. Jirgi ya fita daga asibiti yana lallaɓawa, abin da bai taɓa yi ba tunda ya sayi motar.

Ba su yi nisa ba sitiyari ya fara aikinsa. Ta ga kafaɗunsa suna motsi, ta ga ya ƙanƙame shi da hannu biyu. Motar tana tangaɗi, Inna tana cije leɓe.

"Wai me ke girgiza ni haka?" Inna ta tambaya da ƙyar.

Ya taka totur don rawar ta lafa kamar yadda ya saba. Inna ta dafe ciki ta yi salati. Ya sassauta, rawa ta dawo. Gudu babu hali, sannu babu daɗi, ga gumi yana bin wuyansa.

Ta madubi kawai matar take kallonsa, shi kuma ya ƙi yarda su haɗa ido.

A ƙarshe ya gangara gefen titi. Da fararen kayansa ya durƙusa a ƙasa, ya zura hannu bayan tayar. Kumburin ya ninka, robar ta tsattsage har waya ta fito ta yanke shi a yatsa. A wannan tayar yake ɗibar 'ya'yansa a guje ranakun hutu.

Ya ɗaura safaya a cikin rana, suka ƙarasa gida motar tana tafiya sumul.

Bayan an kwantar da Inna, ya same ta a kicin ya ajiye mukullin kusa da ita.

"Ki yi haƙuri. Ashe gaskiyarki ce."

"Durƙuso ɗaya na roƙe ka," ta ce cikin fushi. "Ka iya yinsa a bakin titi saboda mahaifiyarka. Nawa uban ba mutum ba ne? Ka riƙe mukullinka. Gobe kai za ka kai shi, ka ga hannun da idonka."

Da safe suka je. Jirgi ya shiga ɗakin surukinsa ya gaishe shi, ya sunkuya zai ɗauke shi. Hannun tsohon na dama yana manne a ƙirji, yatsun a murɗe, ko gaisuwa bai iya miƙa shi ba.

Baba ya yi masa murmushi da gefen bakin da ke motsi.

"An gyara motar ke nan? 'Yata ta ce min matsala ta samu, kana ta fama. Sannu da ɗawainiya, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Jirgi ya sunkuyar da kai don kunya, ya cicciɓe shi zuwa mota.

Darasi: Idan na kusa da kai ya ce ya ji wani abu ba daidai ba, tashi ka duba kafin ka raina shi. Girman kan da ya hana ka sunkuyawa na ɗan lokaci, wani bawan Allah ne zai biya shi da lafiyarsa. Ku tura wa direban gidanku, musamman wanda ba a isa a gaya masa ba.