In Ka Tofar Ba Komai

An yi wani mutum, ɗan wani gari a ƙasar Zazzau, wanda neman abinci ya kai shi Doha. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da dangi a raye, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba. Ya samu aikin kai abinci tebur a wani babban otal a West Bay, cikin dogayen benayen nan da kafin ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Kwana kuwa a Ain Khaled yake yi, a gidan da kamfani ya kama wa ma'aikata, ɗaki ɗaya da wani ɗan garinsu mai aikin gadi, ana ce masa Sabo.

Allah ya yi wa mutumin nan baiwa biyu, duka a baki. Ta farko karatu. Mahaifinsa malami ne, shi ya ɗora masa Alƙur'ani tun yana ƙarami, shi ya sa Hausawan gidan suka ba shi limanci ba tare da musu ba. Ta biyu harshe mai gane ɗanɗano. Mahaifiyarsa yaji take dakawa na sayarwa, a gindin turminta ya tashi, in ya lashi yaji zai gaya maka an sa kimba ko ba a sa ba, kuma cittar sabuwa ce ko ta kwana biyu.

Ranar da zai bar gida, tsohon bai yi masa doguwar nasiha ba. Haɓarsa ya kama ya ce, "Wannan bakin ni na wanke shi da karatu. Amana na ba ka. Yadda ka tafi da shi, haka nake so ka dawo mini da shi."

Shekara uku yana riƙe da amanar nan.

A shekara ta huɗu otal ɗin ya kawo wani Bature mai gonar inabi a can ƙasarsu, inda ake matse inabin a yi giya. Aka gyara masa wani ɗaki a ƙasa, aka jera gangunan katako, aka rage haske, wai don baƙi su ji kamar suna gidan matsar. Duk ranar Alhamis da la'asar sai su zauna, mutum goma sha biyu ko ƙasa da haka. A gaban kowa tambulan biyar, kowanne da 'yar giya a gindinsa, a gefen kowane tambulan kuma ɗan yankin cakulan. Baturen yana tsaye yana yi musu jagora: a sunsuna wannan, a sa baƙin cakulan a harshe, a bari ya narke, sannan a kurɓi jar giyar a ji yadda ɗacinsu ya gaisa. Magana yake yi a nutse kamar mai ba da karatu, su kuma suna gyaɗa kai.

Da aka sa mutumin nan aiki a ɗakin, sai ya tafi wurin shugabansa. Ya ce masa shi ba ya taɓa kwalba. Aka ce to, khalas, wato shi ke nan, ya ɗauki farantin cakulan kawai. Ya yi murna, ya ce ya tsira.

Ya 'yan uwa, in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.

Yana kai faranti yana kallo, sai ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki. A gefen kowane baƙo akwai ɗan bokitin ƙarfe mai sheƙi. Shi kansa Baturen in ya kurɓa, sai ya kuskure baki da ita, ya juya ta a harshe, ya tofar a bokitin. Zai ɗanɗana kwalba goma ya fita da ƙafarsa garau. Mutumin nan ya daɗe yana juya abin a ransa.

Wata Alhamis, kafin baƙi su iso, Baturen ya ba shi yankin cakulan ya ce ya faɗi abin da ya ji. Ya ce akwai ɓawon lemo, akwai kanumfari kaɗan, kuma an ƙona shi ya ɗan wuce. Baturen ya zaro ido, ya ce shekara ashirin yana sana'ar nan bai taɓa ganin harshe irin wannan ba, asara ce a bar shi yana ɗaukar faranti. Ya tura masa tambulan ya ce, "Ba sha za ka yi ba. Ɗanɗana ka tofar."

A nan ne karatun da ya yi ya zame masa tsani zuwa rami. Ya tuna an karantar da shi cewa mace mai azumi in ta ɗanɗana gishirin miya ta tofar, azuminta bai karye ba. Ya ce ashe hukunci yana kan maƙogwaro ne, abin da bai wuce ba bai shiga ba. Ya yi wa kansa fatawa a tsaye da faranti a hannu, babu malamin da ya tambaya, don ya san amsar da za a ba shi.

Ina tambayarku, miya da giya ɗaya ne? Miya halal ce, lokaci ne ya hana ta, rana na faɗuwa ta zama taka. Giya fa, wace rana ce za ta faɗi ta halatta? Amma mai son abu ba ya rasa hujja, kuma Shaiɗan ba ya zo wa mai karatu da jahilci, da mas'ala yake zo masa.

Ya kurɓa, ya tofar. Ƙasa ba ta tsage ba. Ya wanke baki ya tafi ya ja sallar magariba.

Daga nan ya zama na hannun daman Baturen. Shi ke zaɓar cakulan da zai dace da kowace kwalba, har ya fara tsayawa gaban baƙi yana bayani, suna tafa masa. Bokitin kuwa kullum abin da ke sauka cikinsa yana raguwa. Shi kansa ba zai iya gaya maka ranar da ya fara haɗiyewa ba. Ya dai wayi gari ya ga Alhamis tana yi masa nisa.

Sabo mai gadi ne, kallon mutane shi ne aikinsa. Ya fara ganin abubuwan da ba su yi masa daɗi ba. Liman da ba ya tauna komai sai asuwaki, yanzu kanumfari ba ya barin bakinsa. Ranar Alhamis in ya dawo, banɗaki yake wucewa kafin ya gaisa da kowa. In ya sha ruwa a kofin ɗaki sai ya ɗauraye shi sau uku. Karatun da ake ji har bakin titi ya koma ciki-ciki, in ya sallame kuma ba ya juyowa ya fuskanci mutane. Sabo ya yi ta istigfari, yana cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Wata rana suna cin abinci ya ce masa, "Malam, wai haƙori ne ke damunka? Na ga kanumfarin ya yi yawa."

Sai mutumin nan ya ture kwano ya ce, "Gadin otal aka ba ka ko gadin bakina?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga ranar ya tsargu da kowa. In mutum biyu suka yi ƙus-ƙus, da shi suke. Aruna, wani direba da ke ɗakin kusa da nasu, ya yi masa tayin rage hanya zuwa aiki, ya ce Sabo ne ya turo shi leƙen asiri. Ya sa wa lokarsa ta ajiye kaya kwaɗo. Ya rage kiran gida, domin gani yake kamar tsohon zai ji warin ta cikin waya. Wallahi ya sha wahala, bai taɓa jin daɗin abin nan da kwanciyar rai ba ko na yini ɗaya, kuma bai daina ba.

Azumi ya matso. Ya san da an ga wata za a rufe ɗakin, a kulle kwalabe sai bayan Salla, hankalinsa ya tashi. Akwai wani irin cakulan da ake yi musamman don ɗakin, mai rami a ciki cike da giya mai ƙarfi, dogo-dogo kamar dabino. Ya kwaso da yawa. Don gudun idon Sabo, sai ya sayo kwalin dabinon nan da ake lulluɓewa da cakulan, wanda ake sayarwa a kowane kanti a Doha, ya juye na ciki, ya jera nasa a madadinsu. Da ya ga kwaɗo yana ƙara jawo masa zargi, sai ya daina kulle lokar, yana yaba wa kansa dabara.

Ana cikin goman tsakiya, mahaifinsa ya kira. Zai tafi Umara, jirginsu zai yada zango a Doha yini guda, yana so ya sha ruwa tare da ɗansa. Gida ya ɗauki murna. Aruna ya ɗauko tsohon daga filin jirgi, aka shimfiɗa leda a tsakar gida, aka jera kunu da ƙosai da kankana. Tsohon yana ta sa albarka, domin kowa ya zo gaishe shi sai ya ce masa, "Baba, ɗanka ne limaminmu."

Saura 'yan mintuna a kira salla, Aruna ya ce dabinon da ke kan ledar bai dace da babban baƙo ba. Ya tuna ya taɓa hango kwali mai kyau a lokar liman. Ya ce kayan ɗa ai na uba ne, ya ruga ya ɗauko, ya buɗe ya ajiye a gaban tsohon.

Mutumin nan ya fito daga alwala ya ga kwalin. Tsakaninsa da mahaifinsa taku huɗu ne, kuma kalma ɗaya ta isa. Amma ya ga Sabo yana kallonsa, ya san in ya ce a ɗauke za a tambaye shi dalili. Ya ce a ransa wataƙila tsohon ruwa zai fara sha. Yana cikin wannan lissafin ladan ya ɗaga murya.

Tsohon ya yi addu'ar buɗa-baki, ya yi bisimilla, ya ɗauki ɗaya ya ciza. Abin da ke ciki ya fashe masa a harshe, ya gangaro kan gemunsa. Ya yamutsa fuska, bai san mene ne ba, domin shekara saba'in da huɗu abin nan bai taɓa kusantar leɓensa ba.

Sai ɗan ya yi tsalle ya faɗi a gabansa yana cewa, "Baba, tofar! Tofar, in ka tofar ba komai!"

Tsohon ya tofar a tafin hannunsa. Sabo ya ɗauki ɗaya ya fasa ya kai hanci, ya ajiye, ya sunkuyar da kai. Da ma a ce ƙarya zuciyarsa ta yi masa, da ya fi so.

Tsohon ya dubi ɗansa ya ce, "Me ke ciki?"

Ya faɗa.

"Ka san da shi lokacin da na miƙa hannu?"

Ɗan ya gyaɗa kai.

"Wa ya karantar da kai cewa in an tofar ba komai? Ni?"

Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Ya nemi ruwa ya wanke baki, ya wanke gemu, hawaye na bin fuskarsa. Da aka tayar da salla, ɗan ya tsaya ya rasa inda zai sa kansa, sai tsohon ya kama hannun Sabo ya tura shi gaba. Da aka idar ya ce wa Aruna, "Yaro, mayar da ni filin jirgi. Can zan jira."

Ku sani, tsohon nan ba shi da laifi ko ƙwayar zarra, domin bai sani ba, kuma azuminsa yana nan. Amma zuciya ba ta jin fatawa. Ya yi Umararsa ya koma gida, in ɗan ya kira sai ya amsa sallama ya miƙa wa wani wayar. Kafin Babbar Salla Allah ya karɓi ran tsohon.

Ɗan kuwa da ya rasa limanci, ya rasa kunyar da ke riƙe da shi, sai ya daina neman bokiti gaba ɗaya. Wata Alhamis ya tsaya gaban baƙi zai yi bayani, harshen da ake tafa wa ya karye, ya kife a kan tebur da tambulan da cakulan duka. Baturen da ya ce masa asara ce ya ɗauki faranti, shi ya fara cewa a fitar da shi. Kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya soke takardunsa, aka sa shi a jirgi. Wanda ya ba ni labarin ya ce har yau bai iya shiga garinsu ba, domin ƙofar gidansu tana kallon maƙabarta.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai taɓa yin niyyar zama mashayi ba. Faranti kawai ya ɗauka, sannan ɗanɗano kawai ya yi. Duk wanda ke aiki a inda ake saɓon Allah ya dubi nasa farantin. In ka ji zuciyarka tana nemo maka mas'ala a kan abin da ka daɗe da sanin hukuncinsa, kuma kana jin nauyin kai ta gaban malami, to ka tsargi zuciyar kafin ka tsargi abokin ɗakinka. Sabo ba maƙiyinsa ba ne. Da ya amsa tambayar kanumfari da gaskiya, da kwalin nan bai isa gaban mahaifinsa ba.

Allah ya kiyaye mu da ɗanɗanon farko. Allah ya tsare mana bakunanmu har mu mayar da su ga Mai su a wanke, kada ya sa iyayenmu su zubar da hawaye a kan abin da hannunmu ya ɓoye. Amin.