Ranar da Goɗiyar Nomau Ta Ƙi Shiga Ruwa

An yi wani mutum a wani gari can baya, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ba shi da komai sai gona, sai matarsa Tabawa, sai wata goɗiya da ya gada wurin wansa. To, ku saurara. Nomau ya gaji goɗiya, amma bai gaji iya hawa ba. In ya hau sai ya ja linzami tamau, ya fizga dama, ya fizga hagu, ya kafa mata ƙaimi. Ba mugunta ba ce, haka ya ga ana yi. Sau uku tana kayar da shi. Ya zamana in ya doso turke, jikinta rawa, nasa rawa.

Wata rana wani tsohon dillalin dawaki, Baba Jatau, ya gan su suna kokawa a hanya. Ya ce, "Sauko, ɗana. Buɗe bakinta ka duba."

Nomau ya buɗe. Dasashi duk ya tsage, ƙarfe ya yanka harshe.

Tsoho ya ce, "Kullum tana yi maka magana, kai kuwa da ƙarfe kake amsa mata."

Hawaye ya zubo wa Nomau. Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

"To yanzu ka sani. Cire ƙaimin nan. Rataye linzami, ka hau da ragama. Zauna tsakiyar sirdi, ka bar kwanciya a wuyanta kamar buhun gero. In tafiya kake so, matse ta da cinya kaɗan. Sassauta hannu. Idonka a kan kunnuwanta."

Shekara guda Nomau yana koyo. Mutanen gari suna dariya, wai ga mai neman izinin goɗiya. Shi kuwa ya ci gaba da koyonsa.

Sai ranar jarrabawa ta zo. Da hantsi, tsakiyar damina, kububuwa ta sari Tabawa a gona. Kafin a kawo ta gida ƙafa ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa ta dasashinta. Mai maganin maciji kuwa yana ƙetaren gulbi. Nomau ya ɗaura sirdi. Wan Tabawa, Sambo, ya hau ingarmansa, suka fita a guje.

Da suka iso mashigin da kowa ke bi, ruwa ya yi ja amma kwance yake, kamar kullum. Goɗiya ta tsaya cak. Kunnuwa suka miƙe gaba, tana huci. Nomau ya matse ta. Ta ja baya. Ya sake matsewa. Ta sake ja baya, jikinta na ɓari.

Sambo ya daka masa tsawa. "Ƙanwata na can tana zubar da jini, kai kana shawara da dabba? Ungo bulala!"

Jama'a, ku sa kanku a wurin. Nomau ya karɓi bulala. Ya ɗaga. Ba abin da yake gani sai fuskar Tabawa, da rana da ke ta hawa. Amma ya san goɗiyar nan ta ƙetare nan sau ɗari ba ta taɓa ƙi ba. Ya saki bulala ta faɗi, ya sassauta ragama, ya ce, "To, ke nuna mini."

Ta juya, ta bi gaɓa ta yi sama, nesa da hanya.

"In ta mutu, kai ka kashe ta!" in ji Sambo, ya kafa wa ingarma ƙaimi.

Taku biyar, taku shida, sai doki ya nutse har wuya. Ashe ruwan jiya ya haƙe yashi, ya bar rami a ƙasa. Nomau yana jin ihun Sambo a bayansa, yana jin haniniyar doki, har haniniyar ta ɗauke. Salati kawai yake yi. Goɗiya ta kai shi wani wuri mai duwatsu, ta sunkuya ta shinshina, ta shiga a hankali. Ruwa ya kai ciki, ya kai sirdi. Bai ja ba, bai matse ba. Suka fita.

Ya gangaro ta ɗaya gaɓar, ya tarar da Sambo maƙale da saiwar itace. Ya kwance rawaninsa ya jefa masa, ya jawo shi. Ya bar shi nan bakin gaɓa. Ya je ya goyo mai magani, suka dawo ta kan duwatsun nan. Tabawa ta tashi, ko da yake ƙafar ta bar mata ɗingishi. Ingarma kuwa ba a ƙara ganinsa ba.

To ku ji. Haƙuri ne ya ƙetarar da Nomau, haƙurin sauraron wadda ba ta da bakin faɗa. Kowane ɗayanku akwai wanda Allah ya sa linzaminsa a hannunku: iyali, ɗan ƙwadago, tsohuwar da ke zaune a gidanka. In ya turje, ba kullum ne taurin kai ba, wataƙila ya hango ramin da kai ba ka gani ba. Yau in kun koma gida, kafin ku ɗaga murya, ku fara duba ciwon da hannunku ya riga ya ji masa. Allah zai tambaye ku, wallahi zai tambaya.