Jan Fenti a Katangar Kawu

Akwai wani kansila mai suna Mas'udu a wani gari da ake kira Tungar Aguwa, can tsakanin Talata Mafara da Bakura. Ba irin kansilolin nan ba ne da sai zaɓe ya matso ake ganin hularsu a wurin jana'iza. Mutum ne marar yawan magana, amma idan ya ce a'a, ka nemi wuri ka zauna kawai.

Da aka rantsar da su, sai aka ɗora masa shugabancin kwamitin filaye da gine-gine na ƙaramar hukumarsu. Duk mai son ya kafa shago, ko gidan mai, ko injin niƙa, sai takardar izininsa ta bi ta teburin Mas'udu ya sa hannu.

Mas'udu maraya ne. Yayan mahaifiyarsa, Alhaji Ɗanasabe, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya sa shi makaranta, ya yi masa aure. Alhaji babban ɗan kasuwar shinkafa ne, yana saye daga manoman Bakolori yana lodawa zuwa Gusau da Sakkwato. Hannunsa a sake yake, wannan kowa ya shaida. Matsalarsa ɗaya ce: bai saba a ce masa a'a ba.

To, a bayan garin akwai burtali, wato hanyar da shanu ke bi daga ruga zuwa mashaya. Tun zamanin kakanni aka shata shi, aka dasa aguwa dama da hagu don kada dabba ta leƙa gonar kowa. Da aka ja sabuwar kwalta, sai ta ratsa daidai bakin burtalin. Nan take wurin da da ba kowa ke kallonsa ba ya zama abin kwaɗayi.

Wata safiya Alhaji ya aika aka kira Mas'udu. Ya zo ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma, aka yi doguwar gaisuwa har aka tambayi lafiyar awaki.

Alhaji ya ce, "Injin casar shinkafa nika son kahwawa, Mas'udu. Nan bakin kwalta, inda motoci ka iya juyawa. Na aika da takarda ohis ɗinku. Ka sa hannu mu hwara aiki tun ruwa bai sauka ba."

Mas'udu ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ga takardar, ya kuma je ya ga wurin da idonsa.

Ya ce, "Kawu, wurin ga bakin burtali na. In anka gina shi, shanu ba su da hanyar ruwa. Akwai hili bayan tsohuwar tasha, babba, ga wuta kusa. In kana so, gobe-goben ga in sa a auna maka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Bayan tasha? Ni za ka kai bayan tasha, cikin masu hwacin taya? Shanu ba su da ƙahwa? Su zagaya mana!"

"Kawu, ba su da wurin zagayawa. Gonaki na ko'ina."

"To, na ji, Onarabul. Tashi ka ba ni wuri."

Wannan "Onarabul" ɗin ya fi mari zafi. Mas'udu ya tashi ya fita, amma bai sa hannu ba.

A zaman kwamiti ma bai samu sauƙi ba. 'Yan'uwansa kansiloli suka yi masa ca. Wani ya ce injin zai kawo wa ƙaramar hukuma kuɗin shiga, ga shi asusu a bushe yake, ko rufin asibitin garin an kasa gyarawa. Wani ya ce matasa za su samu aiki. Duk gaskiya suka faɗa, kuma Mas'udu bai musa ba.

Ya ce musu, "Ni ban ƙi inji ba. Wurin niƙ ƙi. A bayan tasha ma harajin guda na, aikin guda na. Kuma kun san abin da toshe burtali ya jawo ma garuruwan da munka sani. Ba ni son a hwara shi da sa hannuna."

Kowa ya gane rikicin manoma da makiyaya yake nufi. Aka ajiye takardar Alhaji a gefe.

Inda ya fi jin jiki shi ne gida. Mahaifiyarsa, Inna Taibatu, ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, amma ranar ba ta buƙaci suna ba wajen wanke shi.

Ta ce, "Kai wanga, ashe haka kake? Mutumin da yaɗ ɗauke ka kana tsumma, yau shi za ka kunyata saboda hanyar shanu? Da wane ido zan dubi Yaya?"

Ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Duk abin da nim mallaka, in Kawu na so, nashi na. Amma burtali ba nawa ba na, balle in ba shi."

Ta juya masa baya. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita, idonsa ya cika da ƙwalla. Wallahi abin da ciwo, a ce uwarka na fushi da kai a kan abin da ka san daidai ne.

Alhaji kuwa bai jira kowa ba. Ya ce gini ya fara, takarda ta biyo baya, ai haka manya ke yi. Aka sauke yashi da bulo, aka sare aguwar da ta girmi kowa a garin, magina suka ja katanga daga wannan gefen burtali zuwa wancan.

Doka ta ce duk ginin da ba shi da izini a shafa masa jan fenti, a tsayar da aiki. Ma'aikatan sashen gine-gine suka fara kame-kame. Wannan ya ce babur ɗinsa ba mai, wancan ya ce matarsa ba lafiya. Wa zai je ya ɓata katangar Alhaji Ɗanasabe?

Mas'udu ya ɗauki gwangwanin fentin da kansa.

Ya isa wurin da hantsi, mutane cike. Alhaji na zaune a kujerar roba ƙarƙashin lema. Mas'udu ya ajiye gwangwani, ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya kau da kai. Sai Mas'udu ya miƙe, ya tsoma buroshi, ya ja jan layi biyu a gicciye a tsakiyar katangar.

Magina suka tattara cebur suka watse. Sai dai katanga tana nan tsaye, domin rushe gini sai majalisa ta zauna gaba ɗaya, majalisar kuwa kullum ɗage maganar ake yi. Kowa na tsoron ya zama shi ya fara ɗaga hannu.

Gari ya ɗauka. A majalisar masu shayi aka sa masa suna "Mai Fenti". Aka ce butulu ne, aka ce Fulani sun saye shi da man shanu. Aka yi suna a gidan Alhaji ba a gaya masa ba. Duk da haka, duk zaman majalisa sai ya miƙe ya tayar da maganar burtali, har wasu suka fara tsaki tun kafin ya buɗe baki.

Ana cikin haka ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito kore shar a kowane gefen burtali.

Ga abin da mutanen Tungar Aguwa suka manta. A garin, duk wanda Allah Ya hore wa ɗan abin hannu, saniya yake saya ya kai ruga a riƙe masa. Malamin makaranta na da tasa, mai shayi na da tasa, zawarawa na da nasu. Shekara da shekaru Hamma, babban rugar, da 'yan'uwansa ke kiwon su tare da nasu. Mutum sai ya shekara bai ga saniyarsa ba, sai dai a aiko masa da nono da labarin haihuwa. Shi ya sa idan aka ce "shanu", kowa Fulani yake hangowa, ba ya hango kansa.

Hamma ya zo ya sami Mas'udu a ƙofar gida. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya.

Ya ce, "Kansila, mun ga ƙoƙarinka, Allah Shi saka. Amma dabba ba ta san majalisa ba, ƙishirwa ta sani. In munka bi gonaki, hwaɗa za a yi, mu ko ba mu son hwaɗa. Za mu ja namu mu koma wajen Faru, wurin surukaina. Na mutane ko, amana ta. Ba a tahiya nesa da amana. Inda munka karɓe ta, nan za mu maishe ta."

Haka kuwa aka yi. Washegari da safe suka biyo kwalta a hankali, suna tare motoci, suka shigo gari da shanu. Gida-gida suka bi. A yi sallama, a kira mai gida, a kira maƙwabci ya shaida, a miƙa igiya, a ce, "Ga amanarka, lahiya lau."

Kafin azahar gari ya rikice. Mai shayin da ya raɗa wa Mas'udu suna yana tsaye riƙe da igiyar bijimi, bai ma san ta ina ake ɗaure shi ba. Ga damina, ko'ina shuka, babu inda za a saki dabba. Babu harawa, babu dusa, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa.

Inna Taibatu na da saniya guda, wadda mahaifin Mas'udu ya bar mata. Hamma da kansa ya kawo ta, da ɗan maraƙinta yana bin ta. Inna ta tsaya a zaure tana kallon su.

Ta ce, "Hamma, har da tawa?"

Ya ce, "Inna, ita ma ta burtalin ga taka shan ruwa."

Ta karɓi igiyar ta ja su cikin gida. Da Mas'udu ya shigo da yamma, ya tarar ta ajiye masa tuwo a rufe, abin da ta daina yi tun ranar da suka yi magana.

Amma wanda ya fi kowa shan kallo shi ne Alhaji Ɗanasabe, domin duk garin babu mai yawan shanunsa a ruga. Suka cika ƙofar gidansa, suka toshe layi, suka tattake buhunan shinkafar da aka jera a rumfa. Kuka dai kake ji, ga kashi ko'ina, motarsa ma ta kasa fita. Mutanen da jiya ke yi masa kirari, yau su ne tsaye a ƙofarsa, kowa da igiya a hannu, suna tambaya, "Alhaji, ina za mu shayar da su?"

Alhaji ya fito ya dube su, ya dubi shanunsa da yawu ke zuba a bakinsu don ƙishirwa.

Bai jira majalisa ba. Ya aika aka kira maginan nan, ya tsaya a kansu suka sauke katangar bulo bayan bulo. Ya hau babur da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya bi Hamma ya ba shi haƙuri tun kafin su yi nisa. Hamma ya haƙura suka dawo ruga, kowa ya mayar musu da shanunsa.

Ranar Litinin Mas'udu ya iso sakatariya, sai ya hango kawunsa zaune a benci cikin masu jiran izini, tsakanin wata mai son buɗe shagon ɗinki da wani mai wankin mota. Ya yi sauri ya durƙusa.

"Kawu, ai da ka aika na zo."

Alhaji ya ce, "Zauna kujerarka. Yau ba wurin ɗana niz zo ba, wurin hukuma niz zo. Hilin bayan tasha yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

Alhaji ya jira har layi ya zo kansa. Aka auna fili, ya biya abin da doka ta ce, Mas'udu ya sa hannu.

A zaman da ya biyo baya, majalisa ta amince a kafa alamu a bakin burtali don kada a sake, sai aka tsaya a kan inda za a samo kuɗin. Alhaji ya aiko cewa bulon katangar nan yana nan jibge, a ɗauka kyauta. Da shi aka yi alamun, aka sake dasa aguwa a tsakaninsu.

Ranar da ake aikin, wani magini ya ɗauko bulon da jan fenti ya fi kamawa zai juya shi ciki don kada a gani. Alhaji ya daka masa tsawa.

"Bar shi waje! Sa shi nan gaba, inda kowa ka gani."

Sannan ya juyo ga Mas'udu, ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a.

Ya ce, "Na sa ka makaranta don ka iya sa hannu. Ashe har ƙin sa hannu anka koya maka. Kuɗina ba su tahi banza ba."

A daidai lokacin garken ya taho daga ruga ya nufi mashaya, saniyar Inna Taibatu da maraƙinta na ciki, suka wuce ta gefen jan bulon.

Darasi: Abin da yake na jama'a ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, ko da ga wanda ya raine ka. Idan an ba ka amanar sa hannu, ka tsaya a kan gaskiya cikin ladabi, ko za a zage ka a yau. Kai kuma mai neman a karya doka dominka, ka duba da kyau, wataƙila hanyar da kake son toshewa ita ce wadda naka abin ke bi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu riƙe da kujerun hukuma, domin wani ya amfana.