Bunsurun da Ya Taka Hanya

A Rimaye an taɓa yin wani dagaci, Barau, mai son nama kamar kura. Ya kafa doka: kowa ya killace dabbarsa. Wadda ta taka babbar hanya ta zama ta dagaci, in ta yi ɓarna kuma mai ita ya biya.

Ran kasuwa bunsurun wata tsohuwa, Tasalla, ya tsallake danga ya tunkuyi jakin Cindo mai tukwane. Tukwane suka tarwatse tas!

Aka kai su fada. Dagaci ya dubi bunsuru yana haɗiyar yawu, ya ce, "Iya, doka ta ci ki. Bunsuru nawa ne, tukwane kuma ki biya."

Bunsurun nan kuwa shi kaɗai Tasalla ta mallaka. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kan tsohuwa sai a hankali. Yaushe ya zama naka?"

"Tun da kofatonsa ya taɓa hanya!"

"Cindo, a ina ya tunkuyi jakinka?"

"Tsakiyar hanya, Iya."

"Assha! Ranka ya daɗe, ashe bunsurunka ba shi da tarbiyya. Da yana hannuna ko ƙwarya bai taɓa fasawa ba."

Fadawa suka kwashe da dariya. Dagaci ya ga tukwanen sun fi bunsuru uku tsada, ya daka tsawa, "Kwashe abinki, na bar miki!"

Tasalla ta cafke igiya tana guɗa. "Allah ya ƙara girma, na gode da kyauta! Cindo, kai tsaya dagaci ya sallame ka. Lokacin ɓarna ai nasa ne."